Ku Tambaya Mu Amsa: Karatun Gaba da Digiri a Zariya

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan watan daga masu neman digiri na biyu da na uku suke, da waɗanda suka riga suka shiga. Mun zaɓi guda shida, mun taƙaita su saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala hidimar ƙasa bara, digirina mai daraja ta biyu ƙarama ne. Ina son neman digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello. Me zan fara shiryawa? Daga wani matashi a Sabon Gari.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Darajar digirinka ta isa a nemi digiri na biyu a yawancin sassa, sai dai kowane sashe yana da nasa ƙarin sharaɗi, don haka ka je sashen da ƙafarka, ka nemi malamin da ke kula da ɗaliban gaba da digiri. Wanda ya fita da daraja ta uku, ko mai babbar difloma daga kwalejin kimiyya da fasaha, yawanci sai ya fara da diflomar gaba da digiri.

Abin da ya fi riƙe mutane shi ne takardar cikakken sakamako, wadda ake ce wa transkirif. Ba a hannu ake ba ka ita ba, makarantar da ka gama ce take aika ta kai tsaye, kuma tana ɗaukar lokaci. Ka neme ta tun kafin a buɗe sayar da fom, ka riƙe rasit, ka bi sawunta har ka tabbatar ta shiga fayil ɗinka. Na biyu, ka baje takardunka a tabarma: ta sakandare, ta digiri, ta hidimar ƙasa, da katin ɗan ƙasa. Idan a wata an rubuta Muhammad, a wata Mohammed, ko an sauya jerin sunaye, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa yanzu, kada ka bari sai ranar tantancewa.

Ka kuma bambance tsakanin digiri na bincike da digiri na ƙwarewar aiki. Na ƙwarewar aikin yana da amfani ga ma'aikaci mai neman ƙarin girma, amma mai burin koyarwa a jami'a ko zarcewa digiri na uku, na binciken ne hanyarsa. Mutane da yawa sai sun gama suke gane wannan. Duk kuɗin da za ka biya, ta shafin jami'a da lambar Remita za ka biya shi. Wanda ya ce ka tura masa a asusunsa zai nema maka gurbi, rabu da shi.

Tambaya: Na samu gurbi, daga Gusau zan zo. In nemi ɗaki a cikin makaranta ko in kama haya a waje? Daga wata 'yar'uwa.

Amsa: Malama, fara duba inda tsangayarki take. Shari'a da harkokin mulki a harabar Kongo suke, yawancin sauran a babbar haraba ta Samaru, asibitin koyarwa kuma a Shika. Mai karatu a Kongo da ya kama ɗaki a Hayin Dogo, can wajen Samaru, kullum sai ya ratsa Kwangila da cunkosonta, kuɗin mota kuma ya cinye rarar da ya samu a haya. Akwai ɗakunan kwana na ɗaliban gaba da digiri a Samaru, amma gurbi ya yi wa masu nema kaɗan, sai ki nema da zarar kin gama rajista. In waje za ki zauna, ki tambayi maƙwabta, ba mai gida ba, ko rijiyar gidan tana kaiwa watan Afrilu da ruwa. Ki sa a rubuta yarjejeniyar haya da shaidu biyu.

Tambaya: Allah ya gafarta malamai. Ina digiri na biyu a fannin aikin gona, bincikena a kan masara ne. Na gama darussan aji, ban gabatar da ƙudurin bincike ba tukuna. Abokaina suna cewa in yi sauri. Saurin me ake yi? Daga wani ɗalibi a Bomo.

Amsa: Abokanka sun yi maka gaskiya, Malam. Kai da damina kake tsere. A ƙasar Zazzau ruwa yakan sauka a watan Mayu, ya zauna sosai a Yuni, ya ɗauke a cikin Oktoba. Gwajin masara da ba a shuka ba har tsakiyar Yuli ya shiga haɗari, wanda ya wuce lokacin kuwa ya yi asarar shekara guda cur, sai in zai koma noman rani a irin tashar ban-ruwa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru take da ita a Kadawa, wanda kuɗinsa da zirga-zirgarsa daban ne, kuma yana iya sauya tambayar binciken kanta.

Saboda haka daga ranar shuka za ka ƙirga baya. Ƙudurin bincike ya wuce semina kafin ƙarshen Maris. A Afrilu ka rubuta takardar neman fili, ka sayi iri daga inda za a ba ka sunansa na ainihi a rubuce, domin irin kasuwa da ba a san asalinsa ba yana rushe aikin gaba ɗaya a gaban mai jarrabawa. Kafin a zuba ko ƙwayar taki ɗaya, ka ɗebi samfurin ƙasa daga wurare da dama a filin, a zurfin da ka rubuta a ƙudurinka, ka haɗa, ka shanya a inuwa, ka kai ɗakin gwaji. Wanda ya manta da wannan ba shi da hanyar gyarawa daga baya, domin ƙasar da ta sha taki ba ita ce ta farko ba.

A fili, kowane nau'in gwaji a maimaita shi aƙalla sau uku, a rarraba su ta hanyar ƙuri'a a cikin kowane rukuni, wato yankin fili mai ɗauke da duk nau'ukan sau ɗaya, ba yadda ido ya ga ya yi kyau ba. Idan filin yana da gangare, a shimfiɗa rukunan su gitta gangaren, don kada wani nau'i ya samu danshi shi kaɗai ka ɗauka ingancinsa ne. Tazarar da aka saba ita ce santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin shuka da shuka, wanda ke ba da tushe kusan 53,000 a hekta. Kada ka ɗauki awo daga layukan gefe. Ka zana taswirar filin a takarda, domin allunan da ka kafa iska da yara da awaki za su iya kawar da su cikin mako guda. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda ta bayyana a Nijeriya a 2016, cikin kwanaki kaɗan take yin ɓarna, sai ka riƙa duba cikin kunnen shukar sau biyu a mako tun tana ƙarama. Kuɗin mai gadi a lokacin da masara ta yi goyo ka sa shi a lissafi tun farko.

Littafin awo da fensir ake rubuta shi, domin tawada tana narkewa a ruwan sama. Kowace yamma ka ɗauki hoton shafin da waya, ka aika wa kanka ta imel. Sannan ka tambayi masu duba aikinka yanzu ko damina ɗaya ta isa, ko sai biyu, ko wurare biyu a damina ɗaya. Amsar ita za ta faɗa maka shekarar gamawarka.

Masu aikin ɗakin gwaji da masu raba takardar tambayoyi, ku ma kuna da taku daminar. Duk binciken da ya shafi mutane ko dabbobi sai da takardar izinin kwamitin ɗa'a kafin a ɗauki jini ko a yi tambaya ɗaya. Izinin da aka nema bayan an gama aiki mujallu masu mutunci ba sa karɓarsa. Mai ajiye samfuri a firiza ya raba shi gida biyu a wurare biyu, domin ɗaukewar wuta ta kwana uku tana iya kashe aikin wata shida. Mai takardar tambayoyi kuma ya gwada ta a kan mutum 20 zuwa 30 tukuna, ya fassara ta da Hausa sau ɗaya a rubuce, kada kowane mataimaki ya riƙa fassara tasa a bakin ƙofar mutane.

Tambaya: Wata uku ke nan da na miƙa babi na ɗaya zuwa na uku ga malamin da ke duba aikina, shiru. Ina jin nauyin yi masa magana, kuma ina tsoron kada ya ga na raina shi. Yaya zan yi? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Kunyarki a wurinta take, 'yar'uwa, amma tunatarwa cikin ladabi ba raini ba ce. Malami ɗaya yakan riƙe ɗalibai da yawa, ga koyarwa, ga taruka, kuma aikin wanda ake gani shi ke hawa saman tebur. Ki je ofis a lokacin aiki, ki gaishe shi, ki ce: "Malam, na zo ne in ji ko akwai ranar da zan dawo in karɓi gyara." Rana kike nema, ba alƙawari ba. Ki tafi da sabon kwafi a jaka ko da na farkon ya shige cikin takardu. Kada ki kira da dare, kada ki aika wani babba ya yi miki magana tun ba ki yi da kanki ba; wannan yakan ɓata fiye da yadda yake gyarawa.

Daga yau ki buɗe littafi: ranar da kika miƙa, ranar da kika karɓa, abin da aka ce ki gyara. Idan kin mayar da aiki, ki haɗa da kwafin da ya yi wa jan biro da takarda ɗaya mai nuna gyaran da shafin da yake. Malami ya fi saurin karanta aikin da ba sai ya yi farauta a cikinsa ba. Kada ki manta da mai duba aiki na biyu, ki riƙa ba shi nasa kwafin a lokaci guda, don kada ya zo ranar semina da gyaran da zai mayar da ke baya. Idan an ƙara wata biyu babu motsi, sai ki sami malamin da ke kula da ɗaliban gaba da digiri a sashen, daga nan shugaban sashe, a rubuce, ba tare da zargi ba.

A lokacin jira kuma hannunki kada ya tsaya. Ki ci gaba da karatu a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ki tsara manazartarki da manhajar Zotero, wadda kyauta ce. Abu ɗaya da ba ma so ki yi wasa da shi: sabunta rajista kowace shekarar karatu, ko da ba kya shiga aji. Wanda ya tsallake, bashin yana jiransa ranar da zai nemi kare kundi, kuma karatu yana da wa'adin da in ya cika sai an nemi ƙari a rubuce.

Tambaya: Ina jin ana cewa TETFund tana biya wa mutane karatu. Ni ba ma'aikaci ba ne. Ina zan samu tallafi? Daga wani magidanci a Gyallesu.

Amsa: Tallafin karatu na TETFund, wato asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, na malaman manyan makarantun gwamnati ne, kuma makarantarsu ce ke tura sunayensu, don haka ba ƙofarka ba ce a yanzu. Masu fannin injiniya, ilimin ƙasa da sauran abin da ya shafi man fetur su sa ido kan sanarwar PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, mai tallafin karatu na cikin gida da na waje. A jami'ar nan ta Samaru akwai cibiyoyi biyu da aka kafa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya kan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, ɗaya kan sababbin hanyoyin koyar da injiniyanci. Mai irin wannan fanni ya leƙa ya ji abin da ke akwai. Ka kuma bincika hukumar tallafin karatu ta jiharka.

Na waje akwai Chevening na gwamnatin Birtaniya, digiri na biyu na shekara ɗaya, ana neman ƙwarewar aiki ta shekara biyu, ana buɗewa wajen watan Agusta. Akwai na ƙungiyar Kwamanwel, da DAAD na Jamus, da na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi. Babu ɗayansu da ake sayen fom ɗinsa a hannun dillali. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne jira har mako na ƙarshe: fasfo ya ƙare, malamin da zai rubuta takardar shaida ya yi tafiya. A ba malami wata guda, tare da tarihin karatunka da bayanin abin da kake nema.

Tallafin da ya fi kusa da hannu kuwa ba a liƙa shi a allo. Malaman da suka samu kuɗin bincike a cibiyoyi irin su ta aikin gona a Samaru da ta binciken dabbobi a Shika suna bukatar masu taya su aikin fili da na ɗakin gwaji. Ɗalibin da ya gina kundinsa a cikin irin wannan aiki yakan samu sinadarai da fili da mota ba da kuɗinsa ba. Ana samun haka ne ta halartar semina da nuna ka iya wani abu, kamar nazarin alƙaluma. A lissafinka kuma ka sani kuɗin makaranta ba shi ne babba ba. Binciken ne, da buga kwafe-kwafe a kowane mataki.

Tambaya: An ce sai na wallafa maƙala kafin in kare kundin digiri na uku. Wata mujalla ta aiko mini da imel cewa za ta buga cikin kwana bakwai in na biya dala 100. In tura? Daga wani malamin sakandare a Tudun Wada.

Amsa: Kada ka tura, Malam. Mujallar kirki tana ba masana biyu ko uku su karanta aikin, su dawo da gyara, kuma wannan watanni yake ɗauka. Wadda ta yi maka alƙawarin kwana bakwai ba wanda zai karanta, kuma sashenka yana iya ƙin ƙirga ta, ga shi ba ka da damar sake buga maƙalar a wani wuri. Ka nemi jerin mujallun da sashenka ya amince da su, ka duba sunan mujallar a rumbun Scopus, ko DOAJ, ko AJOL mai tattara mujallun Afirka, a shafin rumbun kansa, ba tambarin da mujallar ta manna a nata shafin ba. Kada ka aika maƙala ɗaya wuri biyu a lokaci guda, kuma duk wanda sunansa ke kai, har da masu duba aikinka, ya gan ta ya amince kafin ta fita. Da zarar sakamakon manufarka ta farko ya kammala, ka rubuta shi ka tura, don takardar karɓa ta riga ranar kare kundi isowa.