Golan Girka mai furfura

Tambaya: Malam, gardama ta kaure mana a gidan kallon ƙwallo. Wane ne golan nan mai furfura da ya ɗauki kofin Turai da Girka? Abokina ya rantse tsoho ne ɗan shekara 40. Daga mai karatu, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Ɗan'uwa, gaya wa abokinka furfura ce ta yaudare shi. Antonios Nikopolidis ke nan, haifaffen garin Arta a 1971, shekararsa 33 kacal lokacin gasar kofin Turai ta Euro 2004.

Ya je ƙungiyar Panathinaikos ta Girka a 1989, ya daɗe yana dumama benci a bayan Józef Wandzik, ɗan Poland, kafin raga ta zama tasa. Wannan haƙurin ya fi burge ni. Yaran yanzu, wata biyu a benci sai su fara neman wata ƙungiyar.

A gasar 2004, ƙarƙashin koci Otto Rehhagel, Faransa ba ta jefa masa ƙwallo ba, haka Jamhuriyar Czech, haka Portugal a wasan ƙarshe a Lisbon, inda ɗan wasan gaban Girka Charisteas ya ci da ka, aka tashi 1-0. A shekarar ya koma Olympiacos, babbar abokiyar gabar Panathinaikos, abin da magoya bayan tsohuwar ƙungiyarsa ba su ji daɗinsa ba ko kaɗan.

A wasan ƙarshe na kofin Girka na 2009 tsakanin Olympiacos da ƙungiyar AEK, shi da kansa ya buga fenaretin da ya raba gardama, aka tashi 15-14 a bugun fenareti. Ya buga wa Girka wasa 90, ya ajiye safar hannu a 2011.