Firinta ta ɓace daga Wi-Fi washegarin da aka haɗa ta

Malam, ka ce ka sayo firintar laser, ranar farko ta hau Wi-Fi lafiya lau, washegari kuma kwamfuta ta ce ba ta ganinta.

Ni adireshin IP na fi zargi, wato lambar da ake gane firintar da ita a netwok. Rauta, wato akwatin da ke ba da Wi-Fi, ita ce ke raba wa kowace na'ura lamba, kuma aro take bayarwa. In aka kashe firintar aka kunna, tana iya samun sabuwa, kwamfutarka kuwa tana can tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Shiga menu na firintar ka buga takardar bayanan netwok, za ka ga lamba irin 192.168.1.23. Sai ka shiga saitin rautar, wajen DHCP (sashen rabon lambobi), ka keɓe wa firintar wannan lambar dindindin. Daga nan ka goge firintar a kwamfuta ka sake saka ta. Sau ɗaya ake yi, a huta.

In ta ƙi hawa gaba ɗaya, duba zangon Wi-Fi. Ƙananan firintoci da yawa 2.4GHz kawai suke kamawa, ba ruwansu da 5GHz. Kada kuma ka ɗora ta a netwok na baƙi, yawanci yana hana na'urori ganin juna.

In daga waya za ka buga, galibi ba ta buƙatar direba (manhajar da ke sa kwamfuta ta gane firinta): iPhone na da AirPrint, Android na da Mopria.

Af, kada ka kuskura ka sa mata takardar hoto ta inkjet, wato ta firinta mai fesa tawada. Da zafi kusan digiri 200 firintar laser ke manna tona (garin tawada), sai shafen takardar ya narke ya liƙe a ciki.