Zan Iya Kai Kwamfutata Kawo Tana Kunne a Kan UPS?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da fotokwafi a Tudun Wada, nan Kaduna. Mai gida zai rushe shagunan ya gina bene, don haka ƙarshen watan nan zan koma Kawo. Abin da ke damuna shi ne babbar kwamfutar teburin da nake aiki da ita. Tsohuwa ce, kuma tana da wani hali: idan ta mutu sai an yi ta danna maɓalli kafin ta tashi, wani lokacin ma sai ta kwana. Shi ya sa tun da na sa sola da inbata ban ƙara kashe ta ba. A cikinta akwai furojet ɗin ɗalibai, katunan biki da takardun kwastomomi na shekaru. Maƙwabcina ya ce zai ara mini UPS ɗinsa, na'urar nan mai batiri da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, in jona ta, mu sa ta a mota tana kunne har Kawo. Hakan zai yiwu?
Daga mai shagon buga takardu, Tudun Wada

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya sa tashin ya zama alheri, ya kawo kasuwa a sabon wuri. Amma wannan dabara ta maƙwabcinka, ɗan'uwa, ka yi masa godiya ka ajiye ta.

Tun daga farkonta da gyara. Yanzu kwamfutarka a soket ɗin bango take. Kafin ta hau UPS dole ka zare filoginta daga bango ka soka a bayan UPS ɗin, kuma a wannan ɗan tsakanin ta riga ta mutu. Ka ga abin da kake gudu ya faru tun ba a kira mai mota ba. Akwai wata na'ura ta musamman da jami'an bincike a ƙasashen waje suke amfani da ita idan za su ɗauke kwamfutar wanda ake tuhuma ba tare da ta mutu ba, amma ba kayan shagonmu ba ne. Idan wani yaro ya ce zai fere waya ya haɗa maka da wuta a jiki, ka kore shi. Wutar soket ɗinmu bolt 230 ce, tana kisa.

To mu ɗauka ma tun asali a kan UPS take. Ƙaramin UPS da ya fi yawa a shagunanmu, mai lamba 650VA, batiri ɗaya ne a cikinsa, mai bolt 12 da 7Ah. Idan ka lissafa, wat 84 ke nan na awa ɗaya a takarda. Kwamfutar ofis da allonta suna jan wajen wat 100, don haka sai mutum ya zaci zai samu kusan minti 50. Ina! Irin wannan batiri idan aka ja shi da ƙarfi ba ya ba da duk abin da aka rubuta a jikinsa, kuma wani kaso yana lalacewa wajen juya wutar. Sabo fil, ka samu minti 10 zuwa 20. Wanda ya shekara biyu yana shan zafin Maris da Afrilu na Kaduna a ƙarƙashin tebur kuwa, wani ko minti 3 ba ya kaiwa, domin zafi shi ne babban abokin gabar batirin dalma. Fito da kaya daga shago da lodi kaɗai sun cinye wannan lokaci, ba a ma hau titin Ali Akilu ba, balle a zo gadar Kawo da yamma.

Wani zai ce a jona UPS ɗin a inbatar mota. Ramin kunna sigari na yawancin motoci bai wuce wat 120 zuwa 180 ba, kuma ƙananan inbatocin nan masu araha wutarsu ba ta da tsabta. UPS da yawa ba sa karɓarta, sai ka ji yana ta ƙara yana komawa kan batirinsa, yadda yake yi idan an jona shi a ƙaramin janareto.

Duk wannan ma ba shi ne ya fi tayar mini da hankali ba. Tsohuwar kwamfuta irin taka kusan tabbas hadis (hard disk, wato ma'ajiyar fayiloli) mai juyawa ne a cikinta. Faifan ƙarfe ne ko gilashi da ke juyi sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, ga kuma wani ɗan hannu da ke shawagi a samansa yana karatu da rubutu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ba, nesa ba kusa ba. Idan kwamfuta a kashe take, hannun yana komawa gefe ya fake, shi ya sa ake iya ɗaukar ta har Legas lafiya. Idan tana kunne aka faɗa rami ɗaya, hannun zai iya dukan faifan ya karce shi, kuma wurin da ya karce a nan furojet ɗin wani yake. Kamar ka ce tela ya yi maka aikin wuyan riga a bayan akori-kura tana gudu ne. Na sha karɓar hadis a shago yana ƙas-ƙas-ƙas, mai shi ya ce ai tebur kawai aka ja lokacin shara.

Maganar gaskiya, kwamfutarka ba ta da lafiya, kuma tashin shago ne kawai ya tona. Injin da ke wahalar tashi bayan ya huce, sau da yawa akwatin wutar cikinsa ne ya gaji, wanda masu gyara ke kira fawa-fak. Akwai wasu ƙananan kafasito a ciki masu kama da gwangwani, idan sun tsufa kansu yakan kumbura, sai sun ɗumama suke aiki. Wani lokacin a kan babban allon ciki suke. Wani lokacin kuma abin bai kai haka ba: ƙurar hunturu ce ta cika ramin RAM, wato memorin aiki na kwamfuta, ko maɓallin kansa ya saki, ko ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, ya mutu. Alamar wannan na ƙarshe, in ta tashi za ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya.

Ga abin da zan yi da ni ne. Yau ɗin nan, tana kunne, ka sayi hadis na waje, ka kwashe duk fayilolinka, ka kai wata kwamfutar ka buɗe wasu ka tabbatar sun kwafu. Masu tsananin muhimmanci ka ƙara ɗora su a Google Drive, yana ba da gigabait 15 kyauta. Ka rubuta fasuwod ɗin shiga idan akwai, domin wanda ya daɗe bai kashe inji ba yakan manta. Sannan ka kira mai gyara ya zo shagon, ku kashe ta a gabansa tun da sauran kwanaki kafin tashi, ba ranar da mai mota ke tsaye yana hon ba. Idan hali ya yi, ka sa ya canza maka hadis ɗin zuwa SSD, wato sabon nau'in ma'ajiyar fayiloli. Ba abin da ke juyi a cikinsa, kuma za ka yi mamakin saurin tsohuwar nan. Ranar tafiya a zare duk wayoyi, a naɗe ta da bargo, ta zauna a kujerar mota wani ya riƙe, kar a jefa ta baya tare da injin fotokwafi.

TAMBAYA: Malam, ofishinmu za a mayar da ni ɗakin da ke kallon nawa. Kwamfutata tana kan UPS. Sai na kashe?
Daga wata ma'aikaciya, Unguwar Rimi

AMSA: Hajiya, naki mai sauƙi ne, zai yiwu. Ki fara adana aikinki, ki kashe soket ɗin bango ki ga ko UPS ɗin zai riƙe minti biyar. Da yawa sai a ranar ake gane batirinsu ya daɗe da mutuwa. In ya riƙe, a bar shi ya sake cika, a cire allo da sifika daga jikinsa don rage cin batiri. Firinta mai leza kuwa tun farko bai kamata ta hau UPS ba. A ɗora kwamfutar da UPS ɗin a kan abu ɗaya, tebur mai taya ko faffaɗan katako, mutum biyu su kai a hankali ba tare da karkatarwa ba, don UPS yana da nauyi, kuma in wayar ta fizge an yi aikin banza. Ƙarar da zai riƙa yi ba matsala ba ce, sai in ta koma sauri-sauri, wannan alamar batiri ya kusa ƙarewa ne. A jona shi da zarar an isa, domin muddin ba ya bango babu wayar ƙasa da ke kare ki daga jan wuta.

Sai dai in ba wani dogon aiki ke gudana ba wanda ba ya katsuwa, ni ban ga dalilin wahalar ba. A Windows akwai Hibernate: yana ajiye duk abin da kika buɗe a cikin hadis, ya kashe injin gaba ɗaya, in kin kunna ki tarar da komai yadda kika bari. A Windows 10 da 11 yakan zo a ɓoye. Ki shiga Control Panel, sai Power Options, sai wurin da ake zaɓar aikin maɓallin kunnawa, ki sa masa alama. Kar ki rikita shi da Sleep, shi wannan yana buƙatar wuta, da an zare filogi abin da ba ki adana ba zai iya tafiya.