Maganin da aka aiko daga waje ya maƙale a duwan: amsoshin likita

Tambayoyin wannan mako sun zo daga Garwa, Marwa, Ngaundare da Kuseri, da wasu wurare, kuma yawancinsu sun taru a kan maganin da aka yi oda ko aka aiko daga ƙasar waje, 'yan duwan, wato kwastan, suka riƙe shi.

Daga wani dattijo a Garwa: Ɗana da ke Faransa ya aiko mini maganin hawan jini da na sukari na wata shida. Mako biyu ke nan yana hannun duwan, wanda ke gida kuma saura na kwana biyar. Yaya zan yi?

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Kwana biyar ɗin nan su ne abin dubawa kafin maganar kwali. Gobe da safe ka ɗauki fankon maganin da kake sha ka je wurin likitanka ko farmasi. Kowane magani suna biyu gare shi: sunan da kamfani ya raɗa masa da manyan baƙaƙe, da sunansa na asali a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, wanda ma'aikatan lafiya ke kira DCI. Amlor sunan kamfani ne, amlodipine ne a ciki. Glucophage metformine ne. Doliprane da Efferalgan da Tylenol na Amurka duk paracetamol ne. Idan sunan asali ɗaya ne, miligiram ɗaya ne, aikin ma ɗaya ne, kuma waɗannan ana samun su a farmasin Garwa. Abin da za a lura da shi kawai, ko ƙwayar mai sakin magani a hankali ce, wadda ake rubuta wa LP. Irin wannan ba a musanya ta da ta kullum sai likita ya gyara awo.

Na matsa a kan wannan ne saboda akwai magungunan da tsayar da su farat ɗaya ya fi ciwon haɗari. Wanda ke shan atenolol, bisoprolol ko propranolol ya daina kwatsam, zuciya na iya yin gudu, ciwon ƙirji ya taso. Clonidine, idan aka yanke shi, jini yakan hau fiye da da. Haka prednisolone ga wanda ya yi makonni yana sha, haka maganin farfaɗiya, haka tenofovir na ciwon hanta nau'in B, wanda yanke shi kan sa hantar ta kumbura. Kada kuma ka riƙa raba ƙwaya biyu don ta kai ka ƙarshen wata.

Sai batun kwalin. Magani ba haja ba ce kamar atamfa. A Kamaru dokar 10 ga Agusta 1990 ta keɓe sana'ar magani ga masu ilmin farmasi, kuma izinin shigo da shi da na sayar da shi yana fitowa daga sashen DPML na ma'aikatar lafiya a Yawunde. Ma'aikacin duwan da ya buɗe kwali ya ga fakiti talatin ba takardar likita, ba shi da hanyar rarrabe majinyaci da ɗan kasuwa. Ka je da kanka ko ka tura babban ɗanka da katin ɗan ƙasa, da lambar bin sawun kwalin, da ordonans, wato takardar da likita ke rubuta magani a kai, ta kwanan nan mai hatiminsa, da takardar likita da ta faɗi ciwon da awon da kake sha a rana, da rasit ɗin farmasin da aka saya. Sunan da ke kan kwali ya zama shi ne ke kan ordonans. A nan mutane da yawa ke faɗuwa, domin ana aikowa da sunan ƙane ko maƙwabci. Ka tambaya a fili: an riƙe ne ana jiran takarda, ko an kama? Idan kamu ne, akwai takardar da ake rubutawa, PV, ka nemi kwafinka. Idan izinin ma'aikatar lafiya suke nema, ka fara da ofishin lafiya na jiha, delegasiyo, su nuna maka hanya. Duk kuɗin da za ka biya ka karɓi kitans, wato rasit. Ka kuma yi lissafi, domin kuɗin ajiya yana hawa kullum, wani lokaci ya zarce kuɗin maganin.

Nan gaba ka gaya wa yaron: ba a fafe gora ranar tafiya. A bar magani cikin kwalinsa na asali da takardarsa, a sa kwafin ordonans a ciki, a rubuta gaskiya a takardar CN22 ko CN23 da ake manna wa saƙon gidan waya. Rubuta “kyauta” ko “tufafi” a kan magani shi ke mai da ƙaramar magana ta zama laifin ƙaryar bayani. A ganina ma ya fi sauƙi ya turo kuɗin ka saya a nan.

Daga wata uwa a Marwa: 'Yata mai shekara 12 tana allurar insulin. An aiko mana alƙaluman insulin daga Beljiyam, suka yi mako uku a riƙe cikin watan Afrilu, yanzu an sake su. Ƙanƙarar da aka sa ta narke tun tuni. Zan iya yi mata?

Hajiya, kada ki dogara da su. Insulin da ba a buɗe ba wurin zamanta firij ne, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wadda aka fara amfani da ita takan yi kimanin kwana 28 a waje. Akwai binciken da Jami'ar Janeba da ƙungiyar likitoci ta MSF suka fitar a 2021, wanda ya nuna insulin tana jure zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37 na mako huɗu, kuma wannan albishir ne ga gidajen da ba firij. Amma Afrilun Marwa yana haura 40 a inuwa, balle sito mai rufin kwano ko bayan babbar mota daga Ngaundare. Ba wanda ya auna zafin da kwalin nan ya sha.

Idan insulin mai garau kamar ruwa ta yi gurɓi, ko mai fari kamar madara ta yi gudaji ko ta manne a jikin kwalba, ta lalace. Matsalar ita ce wadda zafi ya rage wa ƙarfi takan fito da kyanta a ido. Sai a yi ta allura sukari na hawa, a ƙara awo, ranar da aka koma mai kyau kuma sukarin ya faɗi warwas. Ki nemi sabuwa a asibiti ko farmasi mai firij. Idan yarinyar ta fara ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, amai, ciwon ciki ko numfashi mai zurfi, ko na'ura ta nuna sama da giram 2,5 tare da amai, a tafi asibiti a daren, ba a jiran safiya.

Abu biyu da kayan waje ke rikita mutane da su. Na farko sirinji: insulin U-100 da sirinjin U-100 ake jan ta. Idan aka ja ta da sirinjin U-40 zuwa layin 20, abin da ya shiga jiki 50 ne, ninki biyu da rabi. Na biyu na'urar awo: tamu ta saba da giram, wadda ta zo daga Amurka tana nuna 126 inda muke cewa 1,26, ta Ingila kuma 7. In wuta na yawan ɗaukewa, ki sa wadda ake amfani da ita cikin roba mai murfi, ki ajiye a jiƙaƙƙen yashi cikin tukunyar ƙasa a inuwa. Kada ta taɓa ƙanƙara. Daskarewa tana kashe ta kamar yadda zafi ke yi.

Daga wani matashi mai tuƙa babur a Ngaundare: Na yi odar tiramol 225 da diazepam ta intanet saboda ciwon baya da rashin barci. An kama, an ce in je in yi bayani. Ni ba dila ba ne.

Ɗana, ka amsa kiran, kada ka ɓuya. Ka je da lauya in da hali, ko babba mai karatun Faransanci, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba. Diazepam, phenobarbital, morphine da codeine suna cikin magungunan da yarjejeniyoyin duniya na 1961 da 1971 suka sa wa ido, a Kamaru kuma dokar 7 ga Agusta 1997 ce ke kansu. Ƙa'idar gidajen waya ta duniya ta hana aika irinsu a saƙo. Wannan kwalin ba zai dawo hannunka ba, kuma gara haka.

Abin da ya fi damuna jikinka ne. Tramadol, wato tiramol, na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma iyakar babba a yini 400. Ƙwaya biyu ta 225 ta riga ta wuce iyaka. A wannan awo yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, ga kai a kan babur da fasinja a baya. Haɗa shi da diazepam yana danne numfashi cikin barci. Idan ka yi watanni kana sha, kada ka yanke da kanka rana ɗaya: tiramol zai kawo zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa da rashin natsuwa na kusan mako guda, diazepam kuma yankewarsa na iya kawo jijjiga. Ka je asibiti ka faɗi adadin da kake sha ba ragi, a tsara maka saukowa sannu a hankali cikin makonni, a duba bayan kuma. Likita ba ɗan sanda ba ne, abin da ka gaya masa sirri ne.

Masu farfaɗiya da ke karanta wannan: phenobarbital ɗinku halal ne da ordonans, amma ku same shi a farmasin gida, kada ku rataya rayuwarku a kan saƙon da za a iya tsarewa.

Daga wata 'yar kasuwa a Kuseri: Na yi odar shayin rage ƙiba, zumar ƙarfin maza da man gyaran fata daga Dubai don in sayar. Duk na ganye ne. Me ya sa za a kama?

'Yar'uwa, kalmar “ganye” a jikin kwali ba shaida ba ce. Hukumomin magani a ƙasashe da dama sun auna irin wannan zumar suka tarar da sildenafil ko tadalafil, sinadaran Viagra da Cialis, ba a rubuta ba. Zuma ce ga zaƙi ga harbi: mai ciwon zuciya da ke shan maganin nitrate, irin wanda ake sa wa ƙarƙashin harshe, idan ya lasa, jininsa na iya faɗuwa ya sume. Shayin rage ƙiba an sha samun sibutramine a cikinsa, maganin da Turai da Amurka suka janye a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Man shafawa kuma clobetasol ne, hydroquinone ko sinadarin makiri, wato mercure. Suna sirance fata, su bar nankarwa da baƙin tabo, kuma clobetasol da ake shafawa jiki duka yana iya tayar da sukari da hawan jini. A 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta hana shigo da kayan shafa masu hydroquinone da makiri. Tunda kuma don sayarwa kika kawo, ba za a ɗauke shi kayan amfanin kai ba. Ki juya jarinki zuwa turare ko lalle.

Daga wani mai shago kusa da iyaka: Maganin da nake sarowa daga Mubi yana da lambar NAFDAC. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba, Malam. Lambar NAFDAC rajistar Najeriya ce, ba ta maye gurbin izinin Kamaru ko na Cadi, kuma masu jabu suna buga lamba kamar yadda suke buga suna. Ka tuna da Naturcold, ruwan maganin tarin yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansa a Yulin 2023 bayan an same shi a Kamaru. Awo ya nuna gubar diethylene glycol har kashi 28,6 cikin ɗari, alhali iyakar da aka yarda ita ce 0,1. Wannan guba ƙoda take kashewa, kuma ido ko harshe ba su gane ta. Hanyar da ke da mai ɗaukar alhaki ita ce ta CENAME, cibiyar gwamnati mai samar da magunguna, da dillalai masu lasisi, sannan ɗakin gwaji na LANACOME a Yawunde shi ke auna inganci.

Daga wata mai shirin zuwa umra: Maƙwabta sun ce in taho musu da magani. Kuma idan kwali ya wuce duwan lafiya, ai maganin mai kyau ne ko?

Hajiya, wucewa duwan ba gwajin inganci ba ne. Suna duba takardu da abin da aka hana, ba sa narka ƙwaya su auna ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marar inganci, kuma a 2024 ta yi gargaɗi kan alƙaluman allurar Ozempic, maganin sukari, na jabu har a Ingila da Amurka. Duk shafin da ke sayar da maganin ordonans ba tare da neman ordonans ba, ko wanda lambar WhatsApp kaɗai gare shi ba adireshi, a guje shi. Idan magani ya iso, a gwada lambar rukuni da ranar ƙarewa ta kan kwali da ta kan ledar ƙwayoyin. Dole su zama ɗaya. A duba kuskuren rubutu, a duba ko launi ko girman ƙwaya ya sauya daga wadda aka saba, a kai wa mai farmasi ya gani kafin a sha.

Saƙo kuwa, kada ki karɓi ƙullin da ba ki buɗe ba, ko daga wa ya fito. Abin da ke cikin jakarki naki ne a idon hukuma, a Jidda ko a Garwa, kuma Saudiyya da Dubai suna da tsanani ƙwarai a kan tramadol da codeine. Naki maganin ki riƙe shi a jakar hannu cikin kwalinsa, daidai kwanakin tafiya da ɗan ƙari, tare da ordonans mai sunanki kamar yadda yake a fasfo.