Ruwa Ya Yi Gyara: Tambayoyinku Kan Kalmomin Godiya

Wani ɗalibi daga Gusau ya aiko da wannan: "Malam, bara ruwan sama ya kayar da katangar gidanmu, amma da maƙwabci ya ce wa mahaifina 'ina ruwa?' sai na ji ya ce 'ruwa ya yi gyara'. Yayana ma ya yi wata biyu ba albashi, kullum amsarsa 'aiki da godiya'. Wannan ba ƙarya ba ce?"

Ɗana, mahaifinka bai yi ƙarya ba. Ruwan da ya kayar da katangarku shi ne ya jiƙa gonakin gero da dawa na garinku, ya cika rijiyoyi, ya fito da ciyawar da dabbobi suka yi wata da watanni suna jira. A ƙasarmu ruwa yakan sauka ne wata huɗu zuwa biyar a shekara, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba, ragowar watannin kuwa sai ƙura da rana. Mutumin da ya tashi a irin wannan ƙasa, idan aka tambaye shi ruwa, gyaran yake fara gani kafin ɓarnar. Katangar kuma ba a manta da ita ba, harshen ya tanadar mata nata wurin, wato jaje. Na tabbata maƙwabcin nan da ya ga ɓaraguzan ya ce "Allah ya mayar da alheri" ko "Allah ya kiyaye gaba", mahaifinka ya ce amin.

Ka lura da yadda amsoshin gaisuwarmu suke tafiya. Ina kwana? Lafiya lau. Ina gajiya? Ba gajiya, ko gajiya ta bi lafiya. Ina labari? Sai alheri. Yaya jiki? Da sauƙi, ko da mai jikin yana kwance. Wanda na fi so a cikinsu shi ne amsar da ake bayarwa a kan yanayi. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura maki 40 a Kano da Sakkwato, ka ce wa dattijo "ina zafi?" zai ce maka "lokacinsa ne". Hunturu ya zo, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, ka ce "ina sanyi?" amsar dai ita ce "lokacinsa ne". Kalmomi biyu kacal, amma manomi ya san abin da ke cikinsu: zafin bazara ne ke gabatar da hadari, sanyin hunturu kuma shi alkama ke so a gonakin rani. Kowane yanayi da aikinsa ya zo.

Bayan an gama gaisawa ne ake shiga zancen damuwa, kuma ana shiga sosai. Yayanka zai iya cewa "aiki da godiya", sannan ya zauna ya faɗa wa abokinsa halin da yake ciki, har ya je ya nemi haƙƙinsa. Tsarin kawai shi ne a fara da ambaton abin da ake da shi. Wanda ya gaisa da mutum ashirin daga asuba zuwa magariba ya furta godiya sau ashirin ke nan, ko ya lura ko bai lura ba. Abin da ke damuna shi ne yadda gaisuwar ke gajercewa a bakin matasa, musamman a waya, ta koma "ya ne?" da "ya kake?" Idan aka daina tambayar ruwa da sanyi da gida, amsoshin ma za su tafi.

Wata malama daga Maraɗi ta tambayi bambancin godiya da hamdala da shukura, da kuma dalilin da ake cewa gari ya yi ni'ima bayan an ɗauke ruwa.

Malama, godiya ita ce mai faɗi. Ana yi wa Allah, ana yi wa mutum: na gode miki, mun gode wa baƙi. Ga Allah har akan sauke "wa" ɗin, a ce "mun gode Allah". Hamdala daga Larabci take, taƙaitawa ce ta faɗin "alhamdu lillahi", don haka Allah kaɗai ake yi wa. Ba za ki ce kin yi wa maƙwabciyarki hamdala ba don ta ara miki turmi. Kin kuma san idan aka yi wa mutum bisimilla a kan abinci ya ce "alhamdu lillahi", ya ƙoshi ke nan, ya ƙi tayin cikin ladabi ta hanyar ambaton cewa shi ma an ciyar da shi. Shukura ita ma Larabci ce, an fi jin ta a wa'azi da waƙoƙin malamai. Tushenta ne ya zo a aya ta 7 ta Suratu Ibrahim, inda Allah ya yi alkawarin ƙari ga masu godiya.

Ni'ima a Larabci tana nufin duk wata baiwa da Allah ya yi wa bawa, lafiya ce ko dukiya ko 'ya'ya. Hausa ta riƙe wannan ma'ana, ta kuma ƙara mata wata: danshi da sanyin wuri. Fadama wuri ne mai ni'ima. Gari ya yi ni'ima idan ƙasa ta jiƙa, ƙura ta kwanta, iska ta yi laushi. A ganina wannan ƙari yana faɗin tarihin mutanen da suka yi shi, domin a cikin duk baiwar da za su iya laƙaba wa kalmar, danshi suka zaɓa. Haka sanyi yake a bakinmu: raina ya yi sanyi, ɗa nagari sanyin idon iyaye ne. Damina kuwa kirarinta uwar albarka.

Tambaya ta uku daga wani tela a Zariya: mene ne ainihin ma'anar "yaba kyauta tukuici"?

Malam, tukuici shi ne ɗan abin da ake ba wanda aka aiko da kyauta. An aiko yaro da ƙwaryar fura ko turmin atamfa, sai a ba shi wani abu ya riƙe. To idan wanda aka yi wa kyautar ba shi da ko sisi fa? Karin maganar ta ce yabon da ya yi wa kyautar ya wadatar, ya zama tukuicin. Kalmar da za ka riƙe a nan ita ce "yaba". Yabo yana buƙatar a duba abin, a faɗi kyansa: "Kai, wannan fura ta damu, ga nono mai kyau." Kai da kake ɗinki ka san bambancin wanda ya karɓi riga ya ce na gode ya wuce, da wanda ya tsaya ya duba aikin wuyan ya yaba. Iyayenmu ba sa tsayawa nan ma, sukan tashi takanas washegari su je godiya, su kuma ce wa 'yan uwa "ku taya ni godiya".

Akwai kyaututtukan da ba mai iya ba da tukuicinsu sai ta yabo. Ruwan randa da tsakar rana. Tumun gero na farko da aka gasa a gona. Gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya samu rana, sannan ya yi ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe, ya ba da inuwa, 'ya'yansa su ciyar da awaki. Wanda ya saba kiran irin waɗannan da sunansu yana yabawa, ya fi ƙarfin a kira shi butulu. Hausawa suna cewa "butulu kamar ciki", don ciki ko ka cika shi da tuwo da daddare, da safe zai tashe ka kamar bai taɓa ganin abinci ba.

Wata ɗaliba daga Katsina ta ce tana jin "mai raina kaɗan ɓarawo ne" tana kashe wa mutane zuciyar nema.

'Yata, ban yarda ba. Karin maganar tana magana ne a kan raini, ba ta hana nema ba. Wanda ya raina ɗan abin da ya samu ta halal, idonsa zai koma kan na wani, daga nan hannu ya bi ido. Mutanen da suka faɗi wannan su ne kuma suka ce "zomo ba ya kamuwa daga zaune" da "da yayyafi kogi kan cika". Abin da ake yabo shi ne wadatar zuci, wanda malamai ke kira ƙana'a, kuma ɗan kasuwa mai wadatar zuci yana fita kasuwa da sassafe kamar kowa. Wanda ya kwanta ya ce ya gode Allah alhali bai nemi komai ba, sunansa daban ne a Hausa: ci-ma-zaune.

Ga mai tambaya daga Kumasi da ya ga an rubuta "goɗiya" a wani saƙo yana son sanin wanne ne daidai: kalmomi biyu ne mabambanta. Godiya da "d" ita ce wadda muke magana a kai. Goɗiya da "ɗ" mai lanƙwasa kuwa macen doki ce. Idan wayarka ba ta da haruffan ɗ da ƙ da ɓ, ka sauke allon rubutu na Hausa, akwai shi kyauta.