An ɗora ni a kan sa'an mahaifina, yaya zan yi masa gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 29, ina aiki a wani kamfanin robobi a Sharaɗa, Kano. Wata biyu ke nan da aka ba ni shugabancin sashenmu mai mutum 14. A cikinsu akwai wani dattijo sa'an mahaifina, shi ya koya mini tayar da inji lokacin da na zo. Ƙarfe bakwai ake karɓar aiki, amma kusan kullum sai bakwai da rabi yake shigowa. Na kasa buɗe baki, yaran kuma sun fara kwaikwayonsa. Manaja ya ce in rubuta masa takardar gargaɗi. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka fara da takarda. Dattijon da ya koya maka aiki, ya ga takarda da sa hannunka tun ba ka yi masa magana baki da baki ba, zai ɗauka tozarci ne, kuma duk sashen zai taya shi ɗauka. Amma shirun nan naka ma ba ladabi ba ne. Wanda ya kwana a kan inji yana tsaye yana jiran mai karɓarsa, rabin sa'ar nan daga barcinsa ake yankarta. Kunyar da kake ji, shi yake biyanta.

Ka same shi shi kaɗai bayan an tashi, ba a gaban yara ba, ba kuma a ofishin manaja ba. Ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce: "Baba, wata shawara na zo nema. Ana tuhumata a kan lokacin karɓar aiki, yaran kuma ku suke kallo. Ko akwai abin da yake tsare ku da safe?" Daga nan ka yi shiru ka saurara. Nan ne yawancin sababbin shugabanni suke ɓata rawarsu da tsalle, su yi tambaya su amsa wa kansu. Wataƙila jikoki yake kaiwa makaranta, wataƙila daga nesa yake haɗo mota biyu. In uzuri ne na gaskiya, ka nema masa canjin lokaci a wurin manaja, a bayyane, kowa ya sani. In babu uzuri, ku tsayar da rana: daga Litinin, ƙarfe bakwai.

Shugabancin yaro a kan manya ba yau aka fara ba. Annabi (SAW) ya naɗa Usama ɗan Zaidu jagoran runduna bai cika shekara 20 ba, a cikinta har da Sayyidina Umar. Da Sayyidina Abubakar ya zama halifa yana son Umar ya zauna tare da shi a Madina, sai da ya nemi izinin Usama. Dattijonka ya san wannan tarihin, ba sai ka karanto masa ba.

Abin da zai sa maganarka ta yi nauyi shi ne littafin sa hannu. A ajiye shi a bakin ƙofa, kowa ya rubuta lokacin shigowarsa, kai ne na farko, saura kwata kana nan. Abokanka na da, waɗanda kuke cin ƙosai tare, su ne jarrabawarka ta gaskiya: ranar da ɗayansu ya makara ka kau da kai, ka gama da maganar Baba.

Ka kuma ba shi matsayinsa. Inji ya fara wani ƙara, kira shi a gaban kowa ya saurara, ka ɗora masa horar da sababbin ɗauka.

In mako biyu suka wuce bai canza ba, sai takarda, amma ka sanar da shi da bakinka kafin ta isa hannunsa. Ka rubuta ranaku da lokutan da ya makara kawai, ban da maganar halinsa. Batun sallama kuwa ba hurumin ka ba ne, na mahukuntan kamfani ne, kuma dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi sanarwar wata guda ga wanda ya shekara biyar ko fiye a aiki.