Amsa kan matsalar "met a motsi biyu" da ta ƙi warwaruwa

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa daga unguwar Nima ta Accra, ka ce in ka zauna da matsalar ches wadda aka rubuta "fari ya yi met a motsi biyu", kana gwada duk cek ɗin da ke kan allo (wato kai wa sarki hari) amma sarki yana zille maka, ka kasa met, wato cek ɗin da sarki ba shi da mafita. To, cek ɗin ne yake ɓatar da kai. Masu tsara irin waɗannan matsaloli ba kasafai suke sa motsin farko ya zama cek ko ci ba. Galibi motsi ne na shiru wanda kallon farko za ka raina shi. Mu da muka taso da dame a zango, inda ci yake dole, hannunmu wajen ci yake fara zuwa. Sai ka riƙe shi.

Kafin ka taɓa ɗan fari ko ɗaya, duba ɓangaren baƙi. Gidaje nawa sarkinsa zai iya shiga? In shi ne da motsi yanzu, me da me zai iya ɗagawa, kuma kowanne wace ƙofa yake buɗewa?

Jera wannan a allonka, tsohuwar matsala ce da ake jinginawa ga Paul Morphy ɗan Amurka. Harafi yana nuna layin tsaye daga hagun fari (a zuwa h), lamba kuma layin kwance daga ɓangaren fari (1 zuwa 8). Fari: sarki a c8, ruk (mai tafiya a miƙe) a a1, soja a b6. Baƙi: sarki a a8, bishof (mai tafiya a karkace) a b8, sojoji a a7 da b7. Sarkin baƙi ba shi da gidan zuwa. Sojan b7 a toshe yake. Sojan a7 ba zai ci b6 ba, don in ya kauce daga layin, ruk ɗinka ya ga sarki. In bishof ya ɗaga ko ina, ruk ya ci a7, met. Ka ga abin da ya rage masa shi ne tura sojan a7 gaba, a6 ko a5. Nan ne duk aikin yake.

Amsar ita ce ruk ya hau a6, ya zauna a bakin sojan. Yanzu baƙi dole ya motsa, kuma duk abin da ya taɓa ajalinsa ne. Ya sa sojan b7 ya ci ruk, sai sojanka ya shiga b7, met, domin sarkinka na c8 yana kare shi. Ya ɗaga bishof, ruk ya ci a7. Wanda ya yi gaggawar cin a7 da cek tun farko kuwa, bishof zai cinye ruk ɗin, magana ta ƙare.

Kuskure na biyu shi ne ka ga met a kan amsa ɗaya ta baƙi, ka ce ka gama. A'a. Rubuta duk amsoshinsa a takarda, kowace da met ɗinta a gefe. Ɗaya ta rage ba met, motsinka ba shi ba ne. Ka kuma lura kada ka ɗaure baƙi har ya rasa motsi alhali ba ya cikin cek, wannan canjaras ne.

Kada ka riƙa jan 'ya'yan da hannu kana gwaji, kuma kada ka buɗe kwamfuta kafin minti 15. In ka yi guda 20 ko 30 na motsi biyu hannunka ya faɗa, sai ka nemi na Sam Loyd, mai tsara irin waɗannan matsaloli, wanda ya rasu a 1911. Nasa sai ka fara duba motsin da ka fi rainawa.